Wadda Ta Koya wa Mardiya Iyo

Tasawa, 6 ga Oktoba

Zuwa ga aminiyata Zara'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da Malam Abdurrahamane da yara. Yaya ƙafar taki, kumburin ya sauka? Yaya Mayahi, yaya kuka ji da komawa lakwal, yara sun cika aji? Mu nan lafiya lau, gero ya shigo gida, sai godiya.

Na saurari saƙonki a waya har sau uku, da guɗar da kika rangaɗa mini a ƙarshe. Ban amsa ba, na kuma san kin ji haushi. Ki yi haƙuri. Abin da ke bakina ba ya faɗuwa a waya, muryata za ta karye, ga wayar kullum tana hannun jikoki. Shi ya sa na koma ga takarda da bik, kamar lokacin da muke makarantar horon malamai muna miƙa wa juna ƴan wasiƙu ta ƙarƙashin tebur. Direban da ke zuwa garinku ran kasuwa zai kawo miki.

Kin ce kin ji ni a rediyo, har kin tara malaman lakwal ɗinku kin shaida musu cewa ƙawarki Furera ce ta koya wa Mardiya iyo. Zara'u, shekara talatin da huɗu ke nan da saninmu. Kin taɓa ganin na shiga ruwan da ya wuce idon sawuna? Ba ke ce kika riƙe mini hannu ba ranar da muka ƙetare gulbi da damina, ina ta salati kuna ta dariya?

Abin da aka faɗa game da yarinyar kam duk gaskiya ne, har ma an rage. Tana da shekara goma sha biyar ta fara shiga gasa a Yamai, a kwamin iyon nan da suke cewa pisin. Mata uku ne kawai suka tsaya, ita ta zo ta uku. Tufafin da za ta shiga ruwa da su ma ba ta samu irin wanda take so ba, sai ta sa tela ya ɗinka mata dogo har idon sawu, na farkon ya sha ruwa ya yi ta jan ta ƙasa. Ta yi shekaru tana zuwa ƙasashen waje tana isowa bayan kowa ya fita yana goge jiki. Nan Tasawa samari suna kallo a waya suna cewa wa ya aiki ɗiyar ƙasar rairayi. Ba ta bari ba. Abu ɗaya ne ba wanda ya kamo ta a kai: in ta doki bango ta nutse, sai ta yi tafiya mai nisa ƙarƙashin ruwa kafin ta ɗago. Da wannan ta ci gasar ƙasa sau da yawa, da shi kuma ta samo lambar tagullar nan ta bana a gasar ƙasa da ƙasa, tana da shekara ashirin da bakwai.

Da labarin ya zo, Moctar ɗan jaridar rediyon garinmu ya bincika ya gano lakwal ɗinta ta fari ita ce ta ƙauyen nan na gabas da Maijirgi, inda na yi direktiris, shugabar makaranta. Ya zo gida ya kunna na'urarsa, ya fara da cewa ga uwar da ta gano wannan baiwa. Da na ce a'a a nan, da an gama. Sai na yi murmushi. Ya ce lalle tun tana ƙarama na ga alama, na ce ƙwarai. Daga nan bakina ya kama gudu shi kaɗai. Na ce ni na ba da shawara a kai ta Yamai. Na ce ina rakiyarta bakin tabki.

Ana cewa ƙarya fure take ba ta ƴaƴa, amma tawa ta yi. Ran 2 ga Nuwamba Mardiya za ta zo gida, magajin gari zai yi mata tarba, ni kuma za a miƙa mini takardar yabo a matsayin malamarta ta farko ta iyo. Har an ce in rubuta jawabi.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi, amma hannuna ya ƙi. Sai wani jiƙon. Ki gaida Malam da yara.

Taki,
Furera Amani

Tasawa, 13 ga Oktoba

Zuwa ga Zara'u,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida gida duka. Na gode da amsarki da kuma kuli-kulin, jikoki sun wawashe shi kafin la'asar. Na ji daɗi da ƙafar ta yi sauƙi, amma ki rage tsayuwa gaban allo.

Kin ce kada in matsa wa kaina, duk malamin da yaro ya bi ta hannunsa yana da rabo cikin nasararsa. Haka ne. To bari ki ji irin rabon nawa.

Shekara goma sha shida da suka wuce, shekarar da gero ya ƙi, ita ce shekarata ta biyu a ƙauyen. Akwai babban tabki bayan lakwal. Na tarar yara da yawa suna fitsarin jini, iyayensu kuma sun ɗauka alamar girma ce. Na ɗauko likita ya yi musu bayanin tsargiya, na kafa doka: duk ɗan lakwal da aka gani cikin tabki zai gamu da ni. Ina ji da kaina ƙwarai a kan wannan doka, har sufeton makarantu ya yaba mini.

Mardiya tana aji biyar, shekararta goma sha ɗaya. Uwarta ta rasu, tana hannun kakarta, wata tsohuwa da ake kira Tanna. Sana'ar Tanna ciro bado. Kin san yadda ake ganin masu wannan aiki: sai wanda rumbunsa ya ƙare yake shiga laka. Tana nutsewa ta tono tushen daga ƙasan tabki, ta tsinko ƙwallayen, ta dafa su ci, in ya ragu ta sayar. Yarinyar takan zo aji ido ja wur, fata ta yi fari fat, kitso a jiƙe. Na yi mata kashedi sau biyu.

Wata Litinin ta iso a makare, ana tsakiyar ɗaga tuta, ta ɓoye wani kwano cikin zanenta. Na kira ta gaban yara kusan ɗari biyu. Na buɗe kwanon, bado ne cike, laka ba ta ko bushe ba. Na ɗaga shi sama kowa ya gani, na ce ga abin da wasu suka fifita a kan karatu da lafiyarsu. Na ce mutum ba kwaɗo ba ne. Sannan na kife kwanon bisa rairayi. Yara suka bushe da dariya, ni kuma na bar su suka yi. Ba ta yi kuka ba, ta tsaya tana kallon ƙasa kawai.

Zara'u, ban tambaye ta ba me suka ci jiya. Ni da albashina, da buhun shinkafa a ɗaki, ban tambaya ba.

Da azahar ina cikin ofis na hango Tanna ta taga. Ta durƙusa gindin tuta tana tsince badon ɗaya bayan ɗaya, tana hure rairayin tana sa wa cikin kwano. Da ta gama ta zo bakin ƙofa ta gaishe ni, ta ce Allah ya saka wa Madan da alheri kan wahalar da take yi da yara. Ta tafi. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Mardiya ba ta ƙara zuwa ba. Har mako ya ƙare yara suna kiran sunanta da kwaɗo a hanya. Daga baya na ji Tanna ta sa ta a mota zuwa Yamai wurin kawunta Hamani, mai share pisin a wani otal. Can ta koma karatu, can kuma wani mai horar da ƴan iyo ya gan ta tana nutsewa tana ɗauko wa kawun nata abin da ya faɗa ƙasan ruwa. Ni kuwa na ja layi kan sunanta a rajista na rubuta ta bar karatu.

Kin ga shawarar da na bayar a kai ta Yamai ke nan.

Shekaru talatin ina gaya wa yara cewa mai gaskiya ba ya tsoron rana. Yanzu in na shiga aji suka miƙe suna gaishe ni, sai in ji kamar in koma. Jiya wata ƴar aji shida ta biyo ni tana roƙo in koya mata iyo kamar yadda na koya wa Mardiya. Na ce mata sai an gama jarrabawa.

Na yanke shawara zan je ƙauyen in ga Tanna, an ce tana nan da rai. Ki sa ni a addu'a.

Ƙawarki,
Furera

Tasawa, 21 ga Oktoba

Zuwa ga ƴar'uwata Zara'u,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya, ke da Malam da yara. Ki yi wa Sumaiya barka da cin jarrabawa, ki ce mata innarta ta Tasawa tana alfahari da ita.

Na je. Ran Asabar na hau babur ɗin kabu-kabu, daga Maijirgi muka saki kwalta muka shiga rairayi, sau biyu ina sauka ina takawa. Duk hanya ina maimaita abin da zan faɗa kamar mai haddar darasi.

Na tarar da ita zaune a inuwar rumbu tana ɓarar gujiya. Ta tsufa ƙwarai, kunne ɗaya ya mutu, ta ce ruwa ne ya cinye shi. Amma ina yin sallama ta gane murya, ta ce lale da Madan, yau wace rana. Ta sa aka shimfiɗa mini sabuwar tabarma, aka dama fura. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce na yi jiki, yanzu ko an jefa ni tabki ba zan nutse ba. Matan gidan suka yi dariya, ni ma na yi ta yaƙe.

Kafin in buɗe baki ta riga ni. Ta ce sun ji ni a rediyo, duk ƙauyen an taru an saurara. Ta kama hannuna da hannayenta biyu ta yi ta godiya. Ta ce ita dama tana ta mamakin inda yarinyar ta samo wannan ilimi har Turawa suna tafa mata, ashe Madan ce take koya mata a ɓoye. Ta ce yanzu ta gane ranar tuta ma dabara ce irin ta masu karatu, don a kai ta inda za ta ci gaba.

Na zaci gatse take yi. Na duba fuskarta da kyau, wallahi har zuciyarta take faɗa.

Na tambaye ta, ita ba ta koya wa yarinyar komai ba? Ta ce ina, ita me ta sani, neman abinci ne kawai. Sai ta ba ni labari tana dariya. Tun Mardiya tana da shekara shida take ɗaura mata igiya a ƙugu ta riƙe bakin. Ta hana ta cika ƙirji da iska kamar mai hura wuta, ta ce a ja kaɗan, a riƙa saki sannu sannu ta hanci. Kuma don kada tsoro ya kama ta a ƙasa, ta ce ta riƙa yin istigfari a zuci tana ƙirgawa. Yau biyar, in an kwana biyu bakwai, har ta kai arba'in kafin ta ɗago. In igiya ta yi shiru da yawa sai ta jawo ta.

Zara'u, sai wani abu ya faɗo mini. Na tuna wata hira da na gani a waya, inda aka tambayi Mardiya sirrin nisan da take yi ƙarƙashin ruwa, ta ce ita ƙirga take yi. Ɗan jaridar ya zaci daƙiƙa take nufi, ni ma haka.

Wato da farko na kife wa tsohuwar nan abincinta, yanzu kuma na ɗauke mata abin da ya fi shi. Ta yi shekara biyar tana gina yarinya da igiya da istigfari, ni na zo da baki na sa ta yarda cewa ba ita ta yi ba.

Kina jira in ce na gaya mata gaskiya. Ban gaya mata ba. Mata sun kewaye mu, kowa yana son ya taɓa hannun Madan, sai na fasa. Da zan tashi ta sa aka kawo mini tsaraba ƙulle cikin leda. Sai da na iso gida na kwance. Bado ne dafaffe.

Ga jawabin nan na rubuta shi tun makon jiya, shafi biyu, da Faransanci mai kyau. Saura kwana goma sha biyu. Na san abin da ya kamata, kada ki wahalar da kanki wajen gaya mini. Ƙarfin yin sa nake nema. Maigidana ya ce in karɓi takardar in yi shiru, tunda ba wanda ya yi ƙara. Ina tsoron idon iyayen yara, ina tsoron a ce malamar tarbiyya ce ta yi ƙarya a rediyo, ga ni saura shekara biyu in yi ritaya.

Ki gaida kowa.

Taki,
Furera

Tasawa, 5 ga Nuwamba

Zuwa ga aminiyata Zara'u,

Assalamu alaikum. Ina fata kin tashi lafiya, ƙafa ta ƙara sauƙi. Na so ƙwarai a ce kina nan, amma layi biyun da kika aiko sun isa. Kin ce wanda ya ɓata a fili ba ya gyarawa a ɗaki. Na sa takardar cikin jakata na tafi da ita.

Ran bikin da sassafe na aika mota ta ɗauko Tanna, na ce mata biki ne na jikarta kawai. Ta zo da zanen saƙi na aro, aka ba ta kujera can baya, ni kuma a gaba kusa da magajin gari.

Mardiya ta iso da hantsi. Doguwa ce yanzu, kafaɗu kamar na mai daka. Ta bi manya tana gaisarwa, da ta zo kaina ta durƙusa har ƙasa ta ce ina kwana Madan. Amma kallon da ta yi wa ƙasa shi ne na ranar tuta, na gane shi sarai.

Aka yi jawabai, aka kira sunana, aka tafa. Na tsaya gaban lasifika da shafukan nan biyu. Na ninke su. Na yi magana da Hausa don na baya su ji. Na ce ni Furera ban iya iyo ba, ban taɓa koya wa kowa ba, abin da na faɗa a rediyo ƙarya ne. Na ba da labarin kwanon, har da maganar kwaɗo, ban rage ba. Na ba da labarin igiya da istigfari. Na ce malamar Mardiya tana zaune can layin ƙarshe.

Na ji wata daga cikin iyayen yara ta ja tsaki. Ɗalibaina suna gefe cikin layi, ban iya duban su ba. Moctar kuwa bai kashe na'urarsa ba, don haka ke ma za ki ji.

Tanna ba ta ji komai ba, kunnen mai ji yana wancan gefen. Sai da Mardiya ta ratsa mutane ta je ta durƙusa ta faɗa mata a kunne. Tsohuwar ta ce da ƙarfi, irin na kurame, wai wannan ɗan wasan igiyar ake nufi? Nan mutane suka fashe da dariya, aka kama tafi, wasu mata suna guɗa suna share hawaye.

Magajin gari ya tsaya da takardar yabo a hannu bai san inda zai kai ta ba, ga sunana an riga an buga. Na roƙe shi ya ba ni. Na ciro jan bik ɗina, wanda nake gyara wa yara kuskure da shi, na ja layi kan sunana na rubuta na Tanna a sama. Shi ne gyara mafi wuya da na taɓa yi.

Bayan an watse Mardiya ta same ni. Na nemi gafararta. Ta ce ta ji hirar tun tana Yamai, ta yi kwana biyu ba ta iya cin abinci ba, amma ta ƙudura ba za ta tona ni ba, don kakarta ba ta koya mata haka ba. Ta ce a kan tsargiya ina da gaskiya, sai da ta sha magani wata da watanni. A kan kwano ne ba ni da ita. Ta ce ta yafe, amma da sharaɗi.

Ta daina gasa, ta dawo ne don ta koya wa ƴan mata iyo, saboda kowace damina sai tabki ya ci yaro a yankin nan. Ba cikin tabki za a yi ba, a babban kwamin siminti na lambun ƙungiyar mata, mai ruwan famfo. Iyaye suna ɗari-ɗari. Sharaɗinta shi ne in zama ɗalibarta ta farko, a gaban uwayen.

Jiya da la'asar aka yi. Mata zalla, an kewaye wurin da zana. Na shiga da dogon wando da riga, ruwa ya kawo mini ƙirji. Ɗalibaina goma sha huɗu suna baki suna rufe baki da hijabi, har da mai jiran a gama jarrabawa. Mardiya ta ce yau ba ita ce malama ba. Tanna ta zauna bakin kwamin, ta ɗaura mini igiya a ƙugu da hannunta, ta ce Madan a ja kaɗan, a saki sannu. Na ce bismillah na nutsa kai.

Uku na kai, Zara'u. Na ɗago ina tari, ruwa yana fita ta hanci. Tanna ta girgiza kai ta ce jikarta biyar ta yi ranar farko, kuma ko haƙoran gaba ba ta da su. Ta ce in koma.

Kafin magariba uwaye tara sun rubuta sunan ɗiyansu. Har yanzu akwai waɗanda ba sa amsa gaisuwata a kasuwa, ban kuma ga laifinsu ba. Laraba zan koma, an ce sai na kai biyar.

Ki gyara maganar wurin malamanku, ki gaya musu sunan da ya dace. In ƙafa ta warke ki zo da Sumaiya, igiyar tana da tsawo. Ki gaida Malam Abdurrahamane da yara duka. Allah ya bar zumunci.

Taki har kullum,
Furera Amani,
ɗalibar Tanna